Ɗarin da Malam Bawa Ya Riga Ni Tashi

Da sunan Allah, wanda yake saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Sunana Lawali, tela ne ni a Ƙauran Namoda, na ba hamsin baya. Da hannun dama nake wannan rubutu, na hagun har yanzu sai an lallaɓa shi. Na ga ɗari ya sake ƙaratowa, na kuma san garin nan cike yake da masu hawan jini irina, shi ya sa na ce bari in faɗi yadda ta kasance da ni bara.

Na daɗe da sanin ina da hawan jini, ina kuma shan ƙwayata kowace safiya. Illarta guda: tana sa yawan fitsari. Da zafi ban damu ba. Amma da ɗari ya shigo, sai abin ya zame min azaba. Makewayin kasuwa da nisa daga shagona, ruwan buta kuma kamar an ɗebo shi daga cikin ƙanƙara. Ka tashi daga kan keke, ka je, ka dawo, yatsu sun ƙage, ka sake alwala, kafin ka zauna wani ya sake matso ka. Sai na fara tsallake kwana ɗaya, daga nan biyu, daga nan na tura kwalin bayan rediyo na ce sai ɗari ya wuce.

A lokacin kuma na ɗora wa kaina buri. Akwai wani tela da shagonsa ke kallon nawa, ya sayi sabon keken aikin wuya, samari suka koma wajensa. Na rantse wa kaina cewa kafin azumi sai na sayi irinsa. Ina karɓar ɗinki ba na mayarwa. Ina zama daga hantsi har bayan isha'i, ƙofa a saye, kaskon garwashi a gefen ƙafata. Abincina shayi mai kauri da tsire, a barbaɗe shi da yaji mai gishiri. Ƙeyata ta riƙa ciwo, na ce sanyi ne. Yatsun hannun hagu suka riƙa yin dindiris, yadi yana zame min, na ce sanyi ne. Komai na ɗora wa sanyi.

Wata safiya matata Dije ta miƙo min kofin koko. Na karɓa da hagu, sai na ga kofin a ƙasa, koko ya malale a kan tabarma. Ban ji lokacin da ya fita daga hannuna ba.

"Malam, mi yas samu bakinka?" in ji ta.

Na ce ba komai, amma maganar ta fito kamar ina tauna tuwo. Na yunƙura zan tashi, ƙafar hagu ta ƙi. Dije ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati da ƙarfi ba. Hijabinta ta ja, ta fita, ta dawo da maƙwabta da mai Keke Napep.

A asibiti muka tarar da layi har bakin ƙofa. Lokacin ɗari kowa tari yake, yara a goye an naɗe su da zannuwa, tsofaffi a jere a kan bencin siminti mai sanyi. Mai yankar kati ya ce a bi layi. Wata ma'aikaciya da ke wucewa ta dube ni sau ɗaya, ta daka masa tsawa, aka shigar da ni. Allah ya saka mata, ban ma san sunanta ba. Shi kuwa mai katin, na yafe masa, amma ban manta da fuskarsa ba.

Likita ya auna jinina, ya sake aunawa, ya tambayi Dije ko ina shan magani. Ta ce eh, don iyakar saninta ke nan. Ni na girgiza kai. Ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya ƙara da wata magana da ta zauna min: "Sanyi yana matse jijiyoyin jini. Lokacin da ka fi bukatar ƙwayar, lokacin ka ajiye ta."

Aka ce sai an yi min hoton kai a Gusau. Ba a kama wannan hanya da sassafe, ba a kuma bari yamma ta yi, saboda halin da ake ciki. Muka jira rana ta ɗaga, motoci suka taru, muka bi ayari. Kuɗin mota da na hoto da na allurai suka cinye ɗan abin da na tara na keke tun a makon farko. Dije ta sayar da tumakinta ba ta gaya min ba. Sai da na koma gida na ga turke wayam.

Da muka dawo Ƙaura aka ba ni gado a ɗakin maza. Washegari aka kawo wani dattijo daga Zurmi, aka kwantar da shi a gadon da ke kusa da nawa. Sunansa Malam Bawa, manomi ne, ya girme ni da kusan shekara goma. Ciwonmu ɗaya, ɓarinmu ɗaya. Shi ma ya fi ni jin jiki da aka kawo shi: miyau na zuba, ido a lumshe, ba ya ko iya haɗiye ruwa. Matarsa ta rasu da daɗewa, ɗiyarsa da ke aure a Ƙaura ita ke zuwa tana komawa, don tana da goyo. Na dube shi na ji tausayi, har na ce wa Dije ta riƙa zuba masa kunu daga filas ɗina.

Tausayin bai wuce mako guda ba.

A mako na biyu, ana cikin zagayen safe, likita ya ce masa ya motsa yatsun ƙafa. Babban yatsan ya motsa. Ɗakin ya ɗauki kabbara. Aka zo kaina, na tattara duk ƙarfin da Allah ya ba ni, na yi nishi, na haɗa gumi cikin wannan sanyi. Ƙafar tana nan kamar icen da aka jingina. Likita ya dafa kafaɗata ya ce, "Kowa da lokacinsa," ya wuce.

Ba a jima ba Malam Bawa ya fara zama da kansa. Sannan ya fara magana, da ya fara kuwa bai daina ba.

"Tela, an kwan lahiya? Yau hwa na riƙe ludayi da hannun ga. Dibi!"

Sai in ce, "Masha Allah," in juya fuskata bango.

Dije ce ta fi ba ni haushi. In ya ɗaga hannu sai ta ce, "Kai, Baba, Allah shi ƙara sauƙi!" da murya mai daɗi, irin wadda ban ji ta yi min ba tun da na kwanta. Ni tsakanina da ita sai "juya in goge maka," sai "buɗe baki." Na fara lura da yawan kunun da take zuba masa. Kununa, na gerona, shi ke shiga jikinsa yana zama ƙarfi, ni yana shiga nawa yana zama fitsarin da sai an tara min. Haka nake tunani ina kwance, wallahi.

A mako na uku aka sallame mu, aka ce mu riƙa zuwa gashi sau biyu a mako, wato wajen da ake motsa gaɓoɓin da suka mutu har su farfaɗo. Malam Bawa ya sauka gidan ɗiyarsa, don hanyar Zurmi ba ta biyuwa kullum.

A gida na tarar da masu magani sun riga ni isowa. Yayata Asabe ta zo daga Shinkafi da ƙullin saiwoyi da wani baƙin mai a kwalba. Ta zauna a bakin gadona ta rage murya.

"Lawali, wanga ba ciwon asibiti ba ne. Mutum shina zaune lahiya lau, rana ɗaya ya hwaɗi? Wa ka tsone ma ido a kasuwa?"

Na san telan da take nufi, kuma ba zan ɓoye ba, maganar ta yi min daɗi. Ta hana a yi min wanka, ta ce ruwa ne ke ƙara shigar da iska. Ta sa a rufe taga da buhu, a kawo garwashi ɗaki. Wani kawuna ya ce a yi min ƙaho. Wani abokin kasuwa ya ce in riƙa haɗiyar tafarnuwa in bar ƙwayar bature. Dije tana cewa kowa "to," in sun tafi sai ta fitar da garwashin, don likita ya gargaɗe ta a kan hayaƙinsa a rufaffen ɗaki. Ta dafa ruwa ta yi min wanka da rana tsaka, ta ɗura min ƙwayar. Man Yaya Asabe kaɗai ta yarda da shi, tana murza min ƙafa da shi safe da yamma. Na gode wa yayata, ta baro 'ya'yanta ta biyo wannan hanya saboda ni. Amma da an bi tata, da hayaƙi ya ƙarasa ni.

Mai yi mana gashi wata Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, Sista Rahila, gajera mai ƙarfin hannu. Ranar farko ta zaunar da mu a benci ɗaya, ni da Malam Bawa, ta ce kowa ya faɗi abin da yake so ya iya.

Na ce, "Kafin azumi in koma kan keke. Ɗinkin Sallah na mutane na nan jibge a shago."

Ta juya wajen Malam Bawa.

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ni dai in ɗaure tazugena da kaina. Kunyar ɗiyata nike ji."

Na yi dariya a zuci. Na ce ka ji burin ɗan ƙauye.

Sista Rahila ta ce masa, "Naka ya yi, Baba, za mu fara yau." Ni kuma ta ce, "Malam Lawali, naka ya yi nisa. Ba na son burin wata uku. Ka ba ni na wannan mako." Ta ɗauko faranti ta zuba maɓallan riga a ciki, ta ce in riƙa tsince su ɗaya bayan ɗaya da hannun hagu ina sakawa a kofi.

Ni da na yi shekara talatin ina ɗinka maɓalli, ni za a ba maɓalli in yi wasa da shi kamar ɗan yaye? Na gwada, yatsuna suka ƙi haɗuwa. Na ture farantin. A gida ma ban taɓa shi ba, ko da Dije ta ajiye min a gaba. Ni keke nake so, ba faranti ba.

Malam Bawa kuwa kowane zuwa da abin da zai nuna. Wannan mako ya ɗaure tazuge. Mako na gaba ya riƙe buta. Na gaba ya tashi daga benci ba a kama shi ba. Ya ce kullum in rana ta ɗaga yakan sa babbar rigarsa da hular sanyi, ya fita tsakar gida ya sha hantsi, ya taka daga turmi zuwa rijiya, gobe ya ƙara kaɗan. Ba ya fita da asuba, ba ya fita in rana ta faɗi. Sista Rahila tana tafa masa, tana kiran sababbin zuwa su gan shi. Na tsani ranakun gashi. Na riƙa neman aibunsa: na ce ai nasa ciwon ƙarami ne, likita ne bai gane ba. Na ce ai manomi ba shi da tunanin komai, shi ya sa. Har na tambayi Dije ko ta lura Sista tana daɗewa a kansa fiye da ni.

Ta ce, "Shi yana yin abin da anka ce mai."

Na yini ban yi mata magana ba.

A lokacin ni ma na samu ɗan sauƙi, ina iya jan ƙafa daga ɗaki zuwa zaure da sanda, wani na riƙe da ni. Da na dubi inda na fito, da na gode wa Allah. Amma ba nan nake dubawa ba.

Sai wata Litinin Malam Bawa ya shigo ɗakin gashi fuskarsa kamar an ba shi kujerar Makka.

"Tela! Juma'ar ga da ƙahwata nit tahi masallaci. Da sanda dai, amma ba wanda yar riƙe ni."

Na taya shi murna da baki. A hanyar gida na yanke a raina cewa in shi ya je da sanda, ni zan je babu sanda, kuma ba zan jira Juma'a ba.

Washegari da kiran assalatu Dije ta shiga madafa hura wuta don ruwan alwalata. Na lallaɓa na bi bango na fita, daga ni sai 'yar shara da wando, don ban iya sa rigar sanyi ni kaɗai ba. Ɗari na ranar ya kai inda ya kai. Na wuce ƙofar gida, na wuce gidan maƙwabci, zuciyata na bugawa da murna. A kwanar lungu akwai kwata da ake tsallakawa. Na ɗaga ƙafar dama, ta hagu ta ƙi biyo ni. Na tafi gaba ɗaya ta ɓarin da ba ya iya tare faɗuwa.

Rabin jikina a cikin ruwan kwata, kafaɗata kamar an sare ta da gatari. Na yi kira, murya ba ta fita. Ina jin liman yana karatu a lasifika, raka'a ta farko, ta biyu, ina kwance haƙorana na haɗuwa. Sai da aka sallame masu dawowa suka haske ni da fitilar waya.

Kafaɗa ta goce, aka mayar. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe ni, numfashi ya zama kamar ana soka min wuƙa a haƙarƙari. Aka mayar da ni asibiti, likita ya ce limoniya ce, sanyi ya kama huhu. Sabon kati, sabon layi, sababbin allurai. Wannan karon keken ɗinkina na biyu, wanda nake ajiye da shi saboda ko-ta-kwana, shi ya tafi. Ɗan abin da ƙafata ta koya duk ya zube, na koma sai an juya ni.

Dije ba ta ce min komai ba sai da zazzaɓin ya sauka. Ranar tana shafa min mai a baya, na ji tafin hannunta yana kartata. Na kamo hannun na duba. Duk ya tsage, wasu wuraren da jini, saboda wankin zannuwana da ruwan sanyi kullum. Ita ma tari take yi, ban taɓa tambayarta ba.

Ta janye hannunta ta ce, "Malam, da wa kake tsere?"

Na kawar da kai, ta ci gaba.

"In da Baba Bawa ne, shi bai san ana yi ba. Ni ce nis sani. Kai ka hwaɗi, ni na ɗauka. Kai ka yi zuciya, ni na wanke. Tumakina sun tahi, ban ce komi ba. Amma in ka sake fita ka bar ni ina hura maka wuta, wallahi Yaya Asabe za ni kira ta zo ta yi jinyarka da garwashinta."

Na so in yi fushi, sai dariya ta kama ni, dariyar ta zama tari, ta riƙe min kai har ya lafa.

Ana gobe za a sallame ni, na ji muryar Malam Bawa a baranda yana tambayar gadona. Na hango shi ta ƙofa. Babu sanda. Yana ɗan jan ƙafa, amma babu sanda. Na ja bargo na rufe ido kamar mai barci.

Ya zauna a kujerar da ke gefen gado, suka gaisa da Dije. Ya ce Sista ta sallame shi, zai koma Zurmi, ya zo ban kwana. Dije ta ce ai sai shirin gona in damina ta faɗi. Ya girgiza kai.

"Wace gona, ɗiyata? Tana cikin daji. Shekara biyu ke nan ba mai zuwa wajen. Ƙahwa ta dawo, wurin zuwa ne babu. Za ni dai in zauna ƙohwar gida." Sai ya taɓa ƙafata ta saman bargo. "In ya tashi ki ce mai ya yi a hankali. Shi sana'atai tana nan tana jiran shi cikin shago."

Zan so in ce wannan magana ta wanke min zuciya. Ba ta wanke ba. Na ji tausayinsa, gaskiya ne. Amma da ya tashi zai fita na buɗe ido ɗaya ina kallon yadda yake taka ƙasa, hassadar nan ta sake taso min. Abin da ya canza kawai shi ne na gaji. Ba ni da sauran ƙarfin da zan bi shi.

Da na koma gashi, Sista Rahila ba ta yi min faɗa ba. Ta ce, "Na wannan mako?"

Na ce, "In zauna a bakin gado ba a tallafe ni ba."

Ta ce, "Yawwa."

Haka muka bi. Mako guda zama, mako guda tsayuwa, mako guda cin tuwo ina riƙe da kwano da hagu. Wani makon ba na cika burin, sai mu maimaita shi. Ƙwayata da safe ba fashi, Dije ta ajiye min bokiti a bayan ƙofa, ruwan ɗumi a filas don alwala. Gishiri ya ragu a miya har yara suna ƙorafi. In rana ta ɗaga in sa rigar sanyi da safa in fita tsakar gida. Na kuma sa Dije ta ga likita a kan tarinta, na ce babbar ɗiyarmu ta karɓi wanki.

Azumi ya zo, likita ya ce kada in yi. Na ji ciwon wannan ƙwarai. Mutane suka riƙa zuwa suna duba ni, in za su tafi sai su ce, "Af, Malam Lawali, yadin nan nawa…" Na ba da mabuɗin shago aka mayar wa kowa kayansa. Na san inda suka kai su. Kayan Sallar 'ya'yana ma shi wancan telan ya ɗinka, ya kuma ƙi karɓar ko sisi, ya aiko da gaisuwa. Ranar Idi yara suka shigo suna juyi a gabana. Na kira ƙaramin na juya wuyan rigarsa ina neman inda zare ya karkace. Ban samu ba. Na ce Allah ya sa albarka, na kwanta.

To, ku masu hawan jini, ga ɗari nan tafe. Kada fitsari da ruwan sanyi su raba ku da ƙwaya. Ku gaya wa likita in ta dame ku, ni daga baya canza min ita aka yi. In hannu ya yi nauyi ko baki ya karkace, asibiti za a nufa a lokacin, ba gobe ba. Kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki. Wanda kuma ya riga ya kwanta, ya auna kansa da jiyansa. Wannan na ƙarshe ni ma har yau koyo nake.

Da damina ta yi nisa na fara zuwa shago, ina yin 'yan gyare-gyare: kalmasa, facin aljihu, rage tsawon wando. Wata ranar kasuwa ina zaune, sai babur ya tsaya a ƙofa. Malam Bawa ne a baya, ya sauko da kansa, da leda a hammata. Ya yi ƙiba, fuskarsa ta cika. Na ji hassadar nan ta motsa, na ce mata ta kwanta.

Muka gaisa. Ya ce ya samu 'yar fadama a bakin gari yana taɓa lambu. Sannan ya buɗe ledar, farar shadda ce.

"Tela, aure za ni yi bayan kaka. Wata bazawara ce nan maƙwabta. Riga nike so da wando."

Aure! Na dubi shaddar, na dubi hannuna. Na nuna masa shagon da ke kallon nawa na ce, "Malam Bawa, ga mai sabon keke can. Mako guda zai gama maka. Ni zan iya kai wata biyu, kuma ban yi alkawarin wuyan zai miƙe ba."

Ya ce, "Awo, na gane shi. Na ce maka sauri nike?"

Na ɗauko tef na miƙe tsaye. Awon kafaɗa hannu biyu yake so: hagu ta danne bakin tef, dama ta ja. Na ɗora hagun a kafaɗarsa, yatsun suka yi rawa, tef ya zame ya faɗi. Na sunkuya da ƙyar na ɗauko, na sake ɗorawa, ya sake zamewa. Mutane na wucewa a ƙofar shago. Na ji kunya ta rufe ni.

Malam Bawa bai waiwayo ba. Hannunsa na hagu ya ɗaga, wanda ya warke, ya kai shi kan kafaɗarsa ya danne bakin tef ɗin da yatsa biyu. Yana kallon titi yana ba ni labarin tsadar irin albasa.

Na ja tef ɗin zuwa ɗaya kafaɗar, na karanta, na ce, "Juyo, saura hannu."

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya saka wa masu jinya da abin da mu ba za mu iya biyansu ba.